Tuban da Bitwire Bai Yi Ba

Katwe, Kampala
Watan Fabrairu, 2004

Yaya Kedress,

Gaisuwa mai yawa daga ƙaninki Bitwire, sarkin fassarar fim na Katwe da kewaye. Ya gida, ya yara, ya maigidanki? Ya sanyin Rubanda, har yanzu yana shiga ƙashi? Ni lafiyata lau, harma na ajiye tumbi, wandon da kika sanni dashi yanzu sai na riƙe numfashi yake shiga. Kiyi haƙuri da rubutun, kinsan ni baki Allah ya bani ba hannu ba.

Wasiƙarki ta iso ta hannun kwandastan bas ɗin Kabale tare da dankalin, nagode. Banji daɗin labarin idon Baba Yosamu ba. Wai ya tafi gaba ɗaya? Mutumin da yake hango ni a kan bishiya daga ƙetaren kwari?

To sai zancen da kika kawo. Kince zumuntar mata zatayi ranar iyali a coci, kuna son fim ɗin falkaswa, irin na tuba da komawa ga Allah, wanda ya dace da gidan Kirista, in fassara muku shi da yarenmu. Yaya nayi dariya har wake ya kusa fita ta hancina. Irin finafinan nan na 'yan Najeriya kwali guda gareni, dasu nake tokare ƙafar benci. Ranar da na kuskure na saka ɗaya a gidan kallona har mai gyaɗa tayi barci. Duk labarin ɗaya ne. Wani ƙato zai sha giya, ya bi mata, yaje wajen boka, ayi ta nuna miki wannan har ki ƙoshi. Can ƙarshe fasto zai fito da kwat mai walƙiya kamar kwanon rufi, yayi ihu, tsawa ta faɗi, ƙaton ya durƙusa yana kuka da majina. Washegari sai gashi da jibgegiyar mota. Shikenan wai anyi falkaswa. Ni da nake fassara fim ɗin karate, inda mutum ɗaya zai daki arba'in gashin kansa bai motsa ba, ko ni ban taɓa sayar da ƙarya mai girman wannan ba.

Amma nagane inda kika dosa, ni ba yaro bane. Tun ranar da Baba ya tsaya gaban 'yan'uwa masu ceto, waɗannan da suka tuba suka karɓi Yesu, yace ƙafata bazata ƙara taka tsakar gidansa ba muddin ina aikin gidan kallo, ban ƙara ganinsa ba. Shi da ya ɗauke ni ya haɗa ni dake a kwano ɗaya ranar da aka binne ƙaninsa ubana. Kina ganin in yaji muryata tana aikin Allah zai sauko. Ni bana tsammani, tsohon nan dutsen da ke bayan coci ya fishi taushi. Amma ina so in gaishe shi da bakina kafin a kira ni ace in zo ɗaukar akwatin gawa. Dan haka zanyi.

Kuma kisani kin samu gwani. A Katwe in na kama abin magana, mutane basa kallon fim, ni suke saurare. Akwai wanda ya karye a ƙafa aka kawo shi a baro dan kar ya rasa ni. Gashi nan na zaɓo wanda yafi dama dama cikin kwalin, na ɗora masa murya. Ki gaida kowa banda ma'ajin coci.

Naki,
Bitwire


Rubanda
Watan Maris, 2004

Ƙanena Bitwire,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Muna lafiya, sai Baba da tari ya sa shi gaba. Abinci kaɗan yake ci yanzu, kunun dawa kawai yake karɓa da daɗin rai.

Faifan ya iso. Mun kalle shi ni da Mama Jolly, matar Rabaran, a talabijin ɗin hedimasta. Ban san inda zan sa fuskata ba. Wannan ne wanda ya fi dama-dama? To sauran na kwalin fa? Macen nan da take rawa a mashaya, siket ɗinta bai kai ɗankwalina ba, kuma an bar ta tana juyi har Mama Jolly ta tashi ta tsaya gaban talabijin. Bokan kuma da jan ido da jinin kaza, wuta na fita a tafin hannunsa, shi ne ya fi kowa kwarjini a fim ɗin. Yaran maƙwabta da suka leƙa ta taga, tun ranar wasan boka suke yi da kajina. Babu wanda ya ce shi ne fasto. Wai wannan shi ne na gidan Kirista! Mutum ya shiga bai san hanyar gidan boka ba, ya fito ya san abin da ake kai masa.

Kai ma ka ƙara naka. Wa ya ce ka raɗa wa bokan sunan ma'ajin cocinmu? Wa ya tambaye ka ko kwat ɗin fasto na aro ne? Kuma ana tsakiyar addu'a ka ce jama'a su zo Katwe ranar Asabar akwai sabon karate. Haba Bitwire.

Ga faifanka na mayar. Ka yanke duk inda ake ganin zunubi da ido. Ka yanke motar ma, Mama Jolly ta ce in mazanmu suka ga haka, don mota za su tuba. Ka bar mana inda mutumin ya tuba kawai. Abin da ya faɗa shi za ka faɗa, da bakinsa, ba raha, ba talla, ba surutunka a gefe. Baba ya yarda zai zo coci ranar, don na ce masa ba sai ya kalla ba. Ya ce da me zai kalla. Kada ka ɓata mini wannan damar, ban san ko za a sami wata ba.

Yayarka,
Kedress


Katwe
Watan Maris

Yaya Kedress uwar masu yanka,

Ina gaisuwa. Ki bawa Baba zuma da citta dan tarin, kar ki gaya masa ni na faɗa, sai yaƙi sha.

Ma'aji kam ba laifina bane, ki kalli bokan da kyau ki kalli hancinsa. Amma naji, nabi umarni. Naje wajen Ssali mai haɗa faifan biki muka zauna muka yi ta yanka. Muka cire mashaya, muka cire mai siket, Ssali har yana cewa a bar masa ita. Muka cire boka da kazarsa, muka cire mota. Yaya kinsan abinda ya rage? Ƙato ɗaya a durƙushe yana kuka, bai kai tsawon dahuwar dankali ba. Kinga abinda nake gaya miki. Fim ɗin falkaswa in kin cire masa shaiɗan ba abinda ya rage sai majina. Shaiɗan ne ɗan wasan gaske, shi ake biya, Allah kuwa sai an kusa tashi ake kiransa yazo ya rufe taro.

Ga wata matsalar kuma. Ƙaton nan baya magana. Zai ce nayi zunubi da turanci sai ya kama kuka kamar an taka wutsiyar kare, ya daɗe, ya sake cewa nayi zunubi. Wane zunubin? Oho. Mun yanke shi. To ni bana barin fili babu murya, ba'a sanni da haka ba. Sai na cika masa bakinsa. Kince da bakinsa, to da bakinsa nayi, ba raha ko ɗaya. Nace ni ne mai zunubi, ni ne na sha giyar waragi har na kwana a kwata. Ni ne na daki matata da muciya ranar Kirsimeti. Ni ne na saci akuya mai baƙin kunne ranar kasuwar Muko, na kora ta ta bayan gonar dawa na kaiwa mahauci. Nace ya 'yan'uwa na gaji da duhu, ku karɓe ni in dawo gida. Inda yake kuka ni ma nayi kuka, kuma na fishi iyawa nesa ba kusa ba. Ssali da yake musulmi ne sai da ya cire tabarau ya share ido. Matar da take soya gurasar chapati a ƙofar shagon ta leƙo tana tambaya wa ya mutu.

In wannan bai motsa Rubanda ba to a binne garin kawai. Ki tabbata an ƙure sautin, muryata bata son a matse ta. Kuma ki gayamun abinda Baba yace, kalma kalma, harda inda yayi tsaki.

Gwanin gwanaye,
Bitwire


Katwe
Ƙarshen Afrilu

Yaya,

Lafiya kuwa? Ista ta wuce, ranar iyalinku ta wuce, ko layi ɗaya. Kullum sai naje tashar bas, kwandasta har ya fara ɓuya in ya hango ni. In Baba ne ya rasu ki gayamun, in fim ɗin ne ya ƙone ki gayamun.

Kuma ki bayyana min wannan. Jiya ina zaune a bakin tasha da kwalbar giyata mai sanyi, ban taɓa kowa ba, sai ga tsoho Bagyenda na ƙauyenmu, wanda yake kawo kabeji. Mutumin da rabonsa da amsa gaisuwata tun ina da gashi. Yana ganina ya yar da buhu ya rungume ni, ya ɗaga hannu ya kama waƙar yabo a tsakiyar tasha, 'yan acaɓa suka taru. Yace ɗan'uwa Bitwire, barka da fitowa haske! Sai idonsa ya faɗa kan kwalbar. Ya ɗauke ta ya tuttular a ƙasa, yace shaiɗan baya sakin mutum rana ɗaya, kar in karaya. Kwalbar da ko rabi ban sha ba! Kafin in buɗe baki ya tambaye ni jikin matata. Wace matar?

Me kuka yi da faifaina a garin nan?

Bitwire


Rubanda
Watan Mayu, 2004

Ƙanena,

Gaisuwa cikin Ubangiji. Baba yana nan da rai, kwantar da hankalinka, sai dai ƙarfi na raguwa. Ruwan bana ya zabtaro tudu ya rufe hanya, mota ba ta shigo mana sai makon nan, shi ya sa ka ji shiru. Kuma gaskiya ko da hanya a buɗe take, ban san ta inda zan fara ba.

Ranar iyali coci ya cika har waje. Mun aro majigi, muka rataya zanen gado a gaban bagade. Sai dai bayan sujadar safe ne, rana tsaka, tagoginmu kuma ka san ba labule. Ba a ganin komai a zanen sai wata inuwa a durƙushe. Na tashi na ce ɗanmu Bitwire ya aiko mana da wannan daga Kampala. Iyakar abin da na ce ke nan. Aka kunna, sai muryarka ta cika coci, da yarenmu, kana cewa ni ne mai zunubi.

Ka san mutanenmu. Tun zamanin su Baba, in mutum ya tsaya gaban 'yan'uwa ya ambaci zunubinsa da bakinsa, shaida ce, ba a san wani abu wai fassara ba. Kana kaiwa wajen "ku karɓe ni in dawo gida", tsofaffin mata suka miƙe suka kama waƙa, maza suka bi, ana tsalle ana rungumar juna. Mutum biyar suka fito suka tuba a ranar, har da mahaucin Muko. Rabaran ya ce bai ga irin wannan ba tun yana saurayi. Mama Jolly da ta san komai ta dube ni na dube ta, ba wadda ta iya tashi.

Yanzu ga inda muke. Mutum uku sun zo gida, kowa ya ce akuya mai baƙin kunnen tasa ce. Zumuntar mata na son sanin wace ce matarka, 'yar wane gida ce, kuma me ya sa aka ɗaura aure ba mu sani ba. An sa sunanka cikin masu ba da shaida a babban taron Agusta.

Baba kuwa yana zaune a bencin gaba ya dafa sandarsa, bai miƙe ba, bai yi waƙa ba. Da aka gama ya ce in kai shi gida. Daga baya ya sa an share ɗakinka an fitar da buhunan wake.

Bitwire, na san ban kyauta ba da na yi shiru, ina kai kukana ga Ubangiji a kan haka. Amma ƙofa ta buɗe. Ka zo ka mayar da abin gaskiya mana. Ka bar gidan kallon, ka tsaya a Agusta ka maimaita abin da ka faɗa. Akuya ni zan saya. Matar mu ce ta tafi. Wa zai sani?

Yayarka,
Kedress


Katwe
Watan Mayu

Yaya Kedress,

Na gaishe ki, shugabar zumuntar mata, wadda ta sami ceto tun tana 'yar shekara sha biyu, wadda yau take koya wa ɗan gidan kallo yadda ake shirya ƙarya. Matar mu ce ta tafi! Yaya kizo Katwe in baki aiki, kin fi masu rubuta finafinan nan.

Na daɗe ina gaya muku muryata tana tada matattu kuna cewa cika baki ne. Gashi na tubar da mahauci daga nisan tafiyar yini guda, ina riƙe da kwalba. Faston mai kwat ɗin walƙiya yazo ya gwada mu gani. Su kuma masu akuya ukun nan kice su fito da kansu a Agusta, su ne suke da shaidar bayarwa, akuyar da ni na haife ta a shagon Ssali.

Amma bazan zo a haka ba. Ni ina yin ƙarya ne a inda kowa yasan ƙarya ce, ya biya kuɗin ƙofa ya zauna yaji daɗinsa. Tsoho makaho da ya sa aka share min ɗaki bai biya kuɗin ƙofa ba. In na durƙusa gabansa nayi masa kukan da nayi wa Ssali, ya ɗora min hannu a ka, to na zama ƙaton fim ɗin nan, saura a kawo min mota. Gara in zauna a waje.

Ki karanta masa wannan yadda na rubuta, kar ki gyara. Baba, ni ne Bitwire. Ban tuba ba. Bani da mata, ban saci akuya ba, waragi kam ina taɓawa. Aikina na gidan kallo ina nan ina yinsa kuma nafi kowa iyawa. Abu ɗaya ne gaskiya a faifan nan, ina so in dawo gida. In za'a mayar da waken ɗakin a mayar.

Bitwire


Rubanda
Watan Yuni, 2004

Bitwire,

Ni ne Yosamu. Kedress ce take rubutawa, na ce mata in ta sauya kalma ɗaya zan sa a karanta mini a wani wuri.

Ina gaishe ka. Jikina ga shi nan, na tsufa ne, ba wani abu ba.

An karanta mini takardarka. Ka ɓata tawada. Kana tsammani ban sani ba? Idona ne ya mutu, ba kaina ba. Wace mace ce za ta aure ka har ka sami abin duka? Akuya kuma, kai da ko ɗaure ta ba ka iya ba, ita take jan ka.

Abin da kuka kawo coci ba tuba ba ne, hayaniya ce. Na ji an ce a asalin abin har mota ake ba mutumin. Lokacin da falkaswa ta zo tuddan nan, na ga mutum ya ɗauko ƙyauren da ya sata a ka, ya hau tudu da shi da rana tsaka ya mayar wa mai shi, iyalinsa suka kwana a ɗaki ba ƙofa. Ni da na tuba, abin da na samu shi ne duka daga ubana, da gonar da ya hana ni. Ba wanda ya kaɗa mana kiɗa a baya. Kada a sake kawo wa yaranmu wannan abin.

Ranar Lahadi na sa an tsayar da ni gaban 'yan'uwa. Na gaya musu ɗana bai tuba ba, wasa ne, masu neman akuya su ji kunya su koma gida. Mahauci ya ce shi nasa tuban na gaske ne, na ce to ya riƙe shi. Sannan na gaya musu maganar da na yanke a kanka tawa ce, ba Ubangiji ya aiko ni da ita ba, na janye ta. Wasu ba su ji daɗi ba. Su ji da shi.

Aikinka har gobe ban yarda da shi ba, kuma zan gaya maka haka kullum da safe. Amma ina zaune a bencin nan sai na ji ka kana magana da yarenmu, na ga ashe kunne kaɗai ya rage mini, kuma na hana shi muryar da ya fi sani.

Ka zo. Kwalbar ka bar ta a tasha. Ba sai ka yi kuka ba, ni na rene ka, na san naka na gaskiya ba shi da sauti.

Ubanka,
Yosamu